Rariyar Anti Zuwera

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina layin koko da safen nan aka kira ni, wai Anti Zuwera ta rasu.

'Yan unguwar Maamobi kun san ta. Matar nan ta bayan gidanmu mai tankaɗen toka. Yaran da ke ƙona tsoffin wayoyin wuta da batir, in sun kwashe manyan ƙarafa, sai ta kwaso tokar a buhu. Ta zauna da rariya tana tsince guntayen jan ƙarfe, ƙanana kamar shinkafa. Da kuɗinsa ta raini 'yarta Ummi ita kaɗai.

Lokacin da mamana ta kwanta asibiti, ita ke aiko mana da waakye, shinkafa da wake, kullum. Sai ta ce wai yawa ya yi mata. Ƙarya ne, nata ne take rabawa.

Ran Juma'a na shiga wajenta, gindin tukunyata ya yi baƙi, na ce bari in ɗebi toka in goge. Chale, 'yan uwa, sai ji na yi ta buge min hannu!

"Ke Hajara, mai danne-dannen waya! Wannan ba tokar murhu ba ne. Dalma ne a ciki. So kike ki kashe mijin da ba ki samu ba tukun?"

Na yi dariya, ita ma ta fara, sai tari ya kama ta. Ta daɗe tana yi, ta dafa bango.

Duk buhun da ta gama tankaɗewa sai ta ɗaure bakinsa da jan ƙyalle, kar yara su taɓa, kar mata su ɗiba. Ta kare kowa a gidan. Ita kuma bakin mayafi kawai take sa wa hancinta.

Ranar ta ce min, "Ni ya riga ya shige ni. Ummi dai ban yarda ta taɓa rariyar nan ba, ɗinki za ta koya."

Yanzu na fito daga gidan. An tafi da gawa, mata cike da tsakar gida. Kafin in fito na leƙa baya, sai ga Ummi zaune kan kujerar mamanta, rariya a cinyarta, ta buɗe sabon buhu.

Na ce, "Ummi, ajiye don Allah."

Ko kallona ba ta yi ba. "Sista Hajara, in na ajiye wa zai ba ni abinci?"

Ni kaina ba ni da komai.

Ya Allah ka gafarta wa Anti Zuwera, ka sanyaya mata ƙirji a kabari, ka ba ta iskar Aljanna.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata Ƙulhuwallahu. Ku sa Ummi ma a addu'a. Ina fitowa na ji ta yi tari.