Ajiyar Don Amílcar

Tsagar ta fara ne daga kusurwar da ke kusa da taga, siririya kamar zaren ɗinki. Mijina Osvaldo ne ya fara ganinta, don tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi shekara uku da suka wuce, ba shi da abin kallo sai rufin ɗaki. Ya ɗaga hannun da ke motsi ya nuna min.

"Tsohuwa, dubi can. Maƙwabcinki zai sauko mana, amma ba ta matakala ba."

Na ce ya rufa min baki ya sha miyarsa. Da na koma kan keken ɗinki kuwa, sai na kasa zira zare a allura.

Maƙwabcin da yake nufi shi ne Don Amílcar Pedrotti, wanda ya shekara ashirin da shida a benen da ke samanmu. A nan Don laƙabin girmamawa ne ga namiji, Doña ga mace. Duk wanda ya iya karatu a unguwarmu da ke birnin Rosario ya san sunansa. Kowace Lahadi wata ƙaramar jarida tana fitar da shafinsa mai suna "Aljihun Talaka", inda yake koya wa mutane yadda za su hana kuɗinmu na peso narkewa a hannunsu. Mata na yanke shafin su liƙa a jikin firij. Ni ma na liƙa, ba zan ɓoye ba.

Ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Mahaifinsa ya yi shekara talatin yana tara kuɗi a gwangwanin biskit don ya sayi fili, ranar da ya buɗe gwangwanin kuɗin ba su isa sayen ƙofar gida ba. Tsohon ya zauna a bakin gado yana jera takardun launi-launi, kuma bai ƙara wata doguwar magana ba har ya bar duniya. Amílcar yana da shekara goma sha tara lokacin, daga nan ya ƙulla gaba da kuɗin takarda. Ya yi akawu a wani kamfanin niƙa, kamfanin ya rufe, ya koma rubutu. Shekara da shekaru magana ɗaya yake juyawa: kada kuɗi su kwana a hannunka, mai da su abin da za ka iya taɓawa.

Mutum ne da zai shanya ganyen shayinsa na mate a taga ya sake jiƙa shi sau uku, ya taka ƙafa har tsakiyar gari don kada ya biya bas. Amma bari ya ji ƙishin-ƙishin farashin mai zai tashi, sai ka ga mota ta sauke katan talatin a ƙofarsa. Sabulu, taliya, gwangwanin tumatir, ashana, har takalma ƙafa goma sha biyu iri ɗaya. Dukansu da katin bashi yake saye, yana biya wata-wata, kuma ko sau ɗaya bai kira wannan kashe kuɗi ba. Ajiya yake cewa. Matarsa Nélida ta yi ta haƙuri har ranar da ta tarar ya fitar da teburin cin abinci ya jera buhunan shinkafa a wurin. Ta tattara kayanta ta koma wajen yayarta a Santa Fe, ta ce in ya cinye taliyar ya aiko a kira ta. Shekara tara ke nan. Mun sha dariya a lokacin, ni ce ma kan gaba.

Da Osvaldo ya faɗi, masana'antar da yake aiki ta biya shi kuɗin sallama. Farashin kaya na tashi kowane mako, ni kuma tsoro ya kama ni. Na ɗauki ambulan ɗin na hau bene. A bakin ƙofa muka yi magana, don Don Amílcar ba ya barin kowa ya ƙetare dokin ƙofarsa.

"Don Amílcar, ka taimake ni. Kuɗin nan ƙonewa suke a hannuna."

"Siminti, Doña Haydée," ya ce, ko tunani bai tsaya yi ba. "Takarda ana buga ta kullum, siminti kuwa sai an haƙa dutse. Buhu arba'in za ki samu. Duk ranar da Osvaldo ya buƙaci magani, ki sayar da biyu."

"To a ina zan ajiye buhu arba'in? Cikin tukunya?"

"Ina hayar sito a bakin kogi, nawa ɗari da ashirin suna can. Ki bar min komai."

Na miƙa masa ambulan ɗin da hannu biyu, har da godiya. Sau biyu bayan nan na nemi a sayar min da kaɗan, sau biyu yana cewa in ƙara haƙuri, farashi bai gama hawa ba. Sai in ƙara karɓar ɗinki in rufe giɓin.

Tsagar nan ba ta tsaya ba. Na ɗauki allin ɗinkina na hau kujera na yi alama a inda ta ƙare. Lahadi ta zagayo, ta wuce alamar da kamu ɗaya. Wata Lahadin ta haifi 'ya, 'yar ta nufi saitin gadon Osvaldo. Kullum da safe sai na kakkaɓe wani yashi-yashi daga bargonsa. Ƙofar ɗakin ta fara cijewa, sai na sa kafaɗa take buɗewa. Gadon kuma na ƙarfe ne irin na asibiti, a cikin ɗakin aka haɗa shi, ba ya fita ta ƙofar. Osvaldo ko a kwance ya ninka ni nauyi.

Na kai wa Don Amílcar abinci don in sami hanyar magana. Ya buɗe ƙofa kaɗan, ya rame, yana tari, ƙarƙashin farcensa duk toka-toka.

"Rufin ɗakinmu yana tsagewa," na ce.

"Tsohon gida ne, maƙwabciya. Ni ma gwiwoyina tsagewa suke." Ya karɓi kwanon ya rufe ƙofa.

Ranar Lahadi, kamar yadda muka saba, na zauna ina karanta wa Osvaldo jarida. Shafin Don Amílcar na wannan makon kan haya ne. Ya rubuta cewa wawa ne kawai ke biyan hayar wurin ajiya alhali yana da rufin kansa, kuma shi da yake maganar, shekara biyu ke nan bai biya ko peso ɗaya na hayar sito ba. Na kai ƙarshen layin na tsaya. Sai na tuna wasu Talatoci, shekara biyu baya, lokacin da aka kwantar da Osvaldo a asibiti, in dawo gida in tarar da farar ƙura a matakala. Na ajiye jaridar. Mu biyu muka ɗaga kai sama.

Litinin da sassafe na kira Ruperto Almada, magini, mijin wata da nake yi wa ɗinki. Ya shiga ɗakin ya dubi rufin, ya cire hularsa, ya ce mu hau. Don Amílcar ya tare ƙofa yana cewa gidansa ne. Na ce, "Wallahi ko ka matsa ko in tara maka unguwa, in karanta musu shafinka da ƙarfi." Ya matsa.

Wata 'yar hanya ce tsakanin katan-katan, sai a kaikaice mutum ke wucewa. Warin lalataccen mai ya cika ko'ina, gwangwanaye sun kumbura, ɓeraye sun yi gari a cikin taliya. A ɗakin baya, wanda ke saman namu daidai, buhunan siminti ne tun daga ƙasa har kusa da rufi. Kwanon rufin ya daɗe yana yoyo. Don Amílcar ya ƙi gyarawa, wai masu gyara sun tsawwala kuɗi, yana jiran su sauko. Damina biyu ruwa na ɗiga a kai.

Ruperto ya ɗan ƙwanƙwasa buhu ɗaya da gudumarsa. Ƙarar dutse ta yi. Ya gwada na ƙasa, ya gwada na tsakiya, duk ɗaya. Buhunan sun haɗe sun zama abu guda.

"Buhu nawa ne, Don?"

"Ɗari da sittin."

"Tan takwas," in ji Ruperto. "Ba ya ɗaukuwa, sai an fasa. In kuwa na ɗaga guduma a nan, ni da kai da simintin duk a ƙasa za mu tsinci kanmu. Kai da kake rubutu a jarida, ba wanda ya gaya maka siminti ko bai ga ruwa ba wata kaɗan yake yi ya mutu? Doña, a fitar da maras lafiyar nan yau. Bari in nemo katakon tokari da mutum huɗu, kada kowa ya yi tafiya mai nauyi a nan."

Ya sauka a hankali, yana bin gefen bango. Don Amílcar bai ji ko ɗaya ba. Yana shafa buhunan yana cewa farashinsu ya ninka sau tara tun da ya saya, da a banki ya bar kuɗin da yanzu ba su sayen burodi. Na so in tsine masa, sai tausayi ya hana ni.

"Zo ki ga naki," ya ce, yana murmushi. "Ban haɗa da nawa ba. Na ba ki wuri mafi kyau, nesa da taga."

Ga su nan, arba'in cif, kowanne da sunana da alli: Haydée. Na ƙirga taku daga taga, huɗu. Shekara uku ina yin wannan takun a ƙasa da kwanon miya a hannu, na san abin da ke wurin. Matashin kan Osvaldo ne.

Na sauko. Ƙofar ɗakin ta buɗe rabi ta tsaya, na kutsa a kaikaice. Tsagar ta wuce alamar da na yi jiya. Na sa hannuwana ƙarƙashin hammatarsa na ja iya ƙarfina, bai motsa ba.

"Bar wahalar da kanki, tsohuwa," ya ce. "Me kika gani a can?"

"Kuɗin sallamarka."

Ya dubi yashin da ke zubowa kan bargonsa. "To, ai ga shi sun fara biya."

Na jawo kujera na zauna, na sunkuya na rufe kansa da jikina, ina sauraren titi ko zan ji motar Ruperto. A sama Don Amílcar yana kai da kawo, taku huɗu zuwa taga, taku huɗu ya dawo, yana ƙirga buhunanmu.