Wanda Ya Daɗe Bai Gan Ni Ba Shi Ya Ga Ciwona

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kun ji ni shiru tun kafin azumi, har wasu na tambaya ko littafi ne ya haɗiye ni. Jinya na yi.

Kun san maigidana soja ne. Cikina yana ƙarami aka tura su daji, ya bar ni wurin mahaifiyarsa, Inna, a Talata Mafara. Da ciki ya tsufa, iyayena suka aiko daga Birnin Tudu in tafi goyon ciki. Na roƙa a ɗaga mini ƙafa, don an kusa ba shi hutu. So nake in ga ko dawowar miji irin ta littafi ce, a yar da jaka a bakin ƙofa, a kasa magana.

Ƙafafuna suka fara kumbura, zobe ya ƙi fita. Sai ciwon kai. In na buɗe littafi, wasu ƙananan taurari su riƙa yawo a kan rubutun. Har daɗin kallonsu nake ji, ina mamakin daga ina suke fitowa.

Inna ta ce, “Ciki ne ya karɓe ki, ɗiyata.” Cikin fari ne, da kunya nake ɗaukarsa, ban faɗa mata sauran ba. Awo ma na daina zuwa.

Ranar da zai iso na sha lalle, na turara ɗaki. Ya yi sallama da hantsi, ya rame, ya yi baƙi. Bai yar da jaka ba, bai yi murmushi ba. Ya tsaya yana kallona.

“Balki, mi ya samu huskarki?”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Sannu da zuwan ke nan, ranka ya daɗe?”

Ya ciro wayarsa ya nuna wa Inna hotona na ranar da ya tafi. “Inna, dubi nan, ki dube ta.” Inna ta duba, ta sake dubawa, ta ɗauko mayafinta. Mu da muke tare kullum ba mu ga canjin ba, don a hankali ya zo.

A asibiti aka gwada jinina, malamar jinya ta sake gwadawa a ɗaya hannun. Aka tsoma wata 'yar takarda a fitsarina, ta sauya launi. Na tambayi likita me ya haɗa fitsari da ciwon kai. Ya ce, “Hawan jinin masu ciki ne, ya fara taɓa ƙoda. Abin da ke biyo baya jijjiga ce, tana iya tafiya da ke da abin cikin. Yau za a ciro shi.”

A nan tsoro ya kama ni. Aka yi mini wata allura mai zafi kamar an kunna garwashi a jikina. Maigidana ya sa hannu, ya ba da jininsa. Abin da ya tara don yi mana rufin ɗaki, aiki da magani suka cinye.

Na farka aka ce mace ce, tana cikin kwalba.

Da aka fito da ita, mutumin da ya yi watanni da bindiga a kafaɗa ya ƙi karɓarta. “Inna, riƙe ta dai, kar in karya ta.” Inna ta ce, “Kai da ka hi ƙarfin daji?” Ta ɗora masa ita a cinya. Bai motsa ba har ƙafarsa ta yi sanyi.

Yanzu ina Birnin Tudu ina wankan jego, jinina ya sauka, yarinya tana shan nono. Shi kuma ya koma bakin aiki.

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa Inna da malaman asibiti da alheri, Ya tsare mana mazajenmu da ke daji.

Masu ciki, kumburin fuska da hannu, ciwon kai, da ganin walƙiya a ido ba ado ba ne. Ku je awo a gwada jininku, ko da kunya na cin ku. Kunyar ɗan fari ta uwar da ta rayu ce.