Bargon Ƙarƙashin Lilon Baba

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana da gado a gida da katifa mai kauri wadda yayana ya sayo masa daga Kano. Amma da zarar an shigar da dawa rumbu an fara noman rani, sai ya koma lambunsa na bakin dam da kwana. Hujjarsa injin ban ruwa, wai kada ɓarayi su ɗauke. Gaskiyar magana kuwa, jikoki ne suka cika gidanmu har katanga tana nishi, a lambu ne kawai yake jin rediyonsa ya sha shayinsa ba wanda ya tsoma masa yatsa a kofi.

Ba a ƙasa yake kwanciya ba, don ƙasar bakin dam danshi gare ta, ga kunamu. Wajen direbobin manyan motoci ya ga dabara a Ɗambatta, irin ragar da suke ɗaurawa a ƙarƙashin mota su miƙe. Ya haɗa buhunan taki ya ɗinke, ya ɗaura tsakanin mangwaro da darbejiya. Mu muna cewa lilo, shi yana cewa bene.

Sanyin bakin dam kuwa, wanda bai kwana can ba kada ya sa mana baki. Ni da idona na ga kwaɗo ya buɗe baki zai yi kuka da asuba, kukan bai fito ba sai da rana ta ɗaga ya narke.

Wata shekara tari ya kama Baba, har aka kwantar da shi a asibiti. Da ya warware ya fara harhaɗa butarsa da rediyo, sai yayana, wanda shi ya sayi injin, ya zo ya durƙusa.

"Baba, ni wa da zan hana ka? Amma in tarin nan ya dawo, kullum da yamma a kan babur za a ɗauko injin ya kwana a gida."

In inji ya kwana gida, Baba ba shi da sauran hujja. Ya bari Yaya ya fita, ya dube ni.

"Kai, sarkin surutu, ka dai ji ɗan'uwanka. Nemo mini abin rufa."

Ranar kasuwa na shiga layin 'yan gwanjo na kwashi rigunan sanyin da kowa ya ƙi, masu mataccen zif, masu hannu ɗaya. Ba rigunan nake so ba, farar audugar robar da ke cikinsu nake so, don ita ba ta shan raɓa kamar ta gona, ko ta jiƙe nan da nan ta bushe. Muka farke su a tsakar gida, auduga ta taru ta kai mini ƙugu. Kaji suka gudu, sun zaci girgije ne ya faɗo.

Ɗinki kuma sai Inna, mahaifiyarmu. Duk amaryar da aka kai ɗaki a unguwarmu, matashin kanta daga hannun Inna ya fito. Ɗinkinta ko tururuwa ba ta samun hanya. Ta sa audugar tsakanin tsofaffin zannuwanta biyu, ta bi layi-layi tana tsukewa, har tarin nan da ya kai ƙugu ya koma kamar gurasa. Kyau kam ya yi. Mata suna shigowa kallo. In ka jingina shi da bango tsayawa yake da kansa.

Baba ya shimfiɗa shi cikin lilo ya kwanta a kai, ya rufa da tsohon bargonsa. Da safe na kai masa koko na tarar da shi ya kusa shigewa cikin wuta, yana haɗiye tari.

"Baba, yaya bargon?"

"Bargon gyatumarka ba laifi. In yaƙi ya tashi zan riƙe shi garkuwa." Ya ja majina. "Sama lafiya lau. Iska ce take bi ta ƙasa, kamar na kwanta a kan randa. Kuma in yayanka ya ji wannan, na san daga bakin wa ya fito."

Inna ba ta zubar da komai. Ragowar audugar ta tura a buhu ta ce in kai wa Baba ya yi matashi. Shi kuwa yana da matashinsa, sai ya ɗaure buhun a ƙarƙashin lilo don kada gara ta ci. Washegari ina isa ya kira ni.

"Zo taɓa nan." Ya kai hannuna ƙugunsa. "Daga nan zuwa nan jiya bazara aka yi. Sauran jikina kuwa a firij ya kwana."

Muka durƙusa muna leƙen ƙarƙashin lilo kamar masu gyaran mota. Ga buhu a kumbure, manne da inda ƙugunsa yake, ba wanda ya danne shi, ba wanda ya ɗinke shi. Ashe ɗumin a kumburin yake. Inna ta kashe shi da allura, Baba ya ƙarasa shi da nauyinsa.

Sauran aiki gaya wa Inna. Baba ya tura ni gaba, ni na tura shi.

"Ke," ya ce daga bakin ƙofa, "a warware ɗinkin nan. A yi shi sako-sako, ƙulli nan, ƙulli can."

"Malam, me ka ce? Ɗinkin ƙazama kake so in yi? Da tsufana?"

"Ai ba wanda zai gani, a ƙarƙashina za a rataye shi."

"A ƙarƙashinka! To ka sayi buhun dusa mana."

Sai Baba ya yi tari. Har yau ban san ko na gaske ne ba. Inna ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta miƙa hannu ta ɗauko reza. Ta saki labule don kada maƙwabta su gani, ta ce da ni, "In an tambaya, matarka ce ta ɗinka."

Ya fito mummuna, a kumbure kamar akuyar da ta ɓarke buhun wake. Muka ɗaure kusurwoyinsa da igiya a ƙarƙashin lilo, ya rungumi bayan Baba ba tare da ya matse ba.

Ranar Juma'a Yaya ya zo lambu da sassafe sauraron tari. Ya tarar Baba ya koma bene bayan sallar asuba, yana munshari har ganyen mangwaro yana kaɗawa, ga gumi a goshi. Ya tsaya, ya tsaya, ya leƙa ƙarƙashi, ya buga babur ɗinsa ya tafi. Baba ya buɗe ido ɗaya.

"Ya tafi?"

Injin nan bai taɓa kwana a gida ba sai da ƙafafun Baba suka daina kai shi lambu. Matata kuwa ta sha dariyar matan unguwa shekara da shekaru, ba ta taɓa tona asirin Inna ba.

Bayan rasuwarsa aka wanke bargon aka shanya a igiya. Wata maƙwabciya ta shigo, ta gan shi, ta fara tsokanar matata kamar yadda aka saba. Inna, tana zaune da carbinta cikin takaba, ta ɗago kai.

"Ƙyale yarinyar nan," ta ce. "Ni na ɗinka shi."