Rake Ɗaya, Yara Uku

Shekarun baya, ina fitowa daga jami'a, na samu aikin gwaji na koyar da lissafi a wata lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta a nan Malanville. Madogarata a wannan labari uku ce: abin da na riƙe a kaina, abin da abokina mai koyarwa a ajin kusa da nawa ya jiyo ta taga, da abin da mahaifiyata ta ce na faɗa mata da na koma gida. Watan ya ɓace mini. Na dai san lokacin rake ne. Kalmomin da zan sa a bakin mutane kusa suke da abin da sunka faɗa, ba zan rantse a kan kowace ba.

Darakta ya sanar da ni cewa zai zauna a ajina ya ga darasi ɗaya, daga nan ya yanke ko a riƙe ni ko a sallame ni. Darasin kuwa na kashi ne, ɗaya bisa uku. An koya mana cewa yaro ya fi gane abin da ya taɓa da hannunsa, don haka na shiga kasuwa na zaɓi rake. Sai da na sa mai raken ya sauke kusan dami guda ina neman miƙaƙƙe, har ya tambaye ni ko ginin ɗaki zan yi da shi.

Ranar, darakta ya zauna a bencin baya. Na kira yara uku: wata ɗiya wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, da maza biyu. Na auna komai sai abu ɗaya. Ɗaya daga cikin mazan kawunta ne, autan gidan su mahaifiyarta, ko da yake ita ta fi shi tsawo.

Na ba ta alli na ce ta sa alama inda za a yanka, kowa ya samu daidai. Ta duba raken, ta ja layi biyu. Kashin gindi ya fi sauran da gaɓa guda cur.

Na ce, "Sake dubawa."

Ta duba, ba ta goge ba.

"Daidai suke?"

"A'a, Mushe." Haka yara ke kiran malami da Faransanci.

"To don mi?"

"Wannan na kawu ne."

Aji ya ɗauki dariya. Kawun ya gyara tsayuwa kamar mai gari. Ɗayan yaron ya ce shi ma bai yarda ba, don ko tsawon ya zo ɗaya gindi ya fi zaƙi, shi kuma an bar masa kai, abincin awaki. Nan gardama ta koma yaren Dendi, wasu na Hausa, Faransancin da ya kamata mu yi ya bi ta taga. Ban iya juyawa in kalli bencin baya ba. A raina ina lissafin yadda zan shiga gida in ce wa mahaifiyata rake ya kore ni daga aiki.

Ban san daga ina dabarar ta zo ba. Na kwance igiyar da na ɗauro raken da ita daga kasuwa, na yanke ta daidai tsawonsa, na ce wa ɗiyar, "Manta da mutane tukuna. Ninka igiyar nan uku, bakunan su haɗu." Ta ninka, ta gyara, ta sake gyarawa. Ta ɗora a kan raken ta ja sababbin layuka. Na yanka, munka jera guntayen a kan tebur, kowanne bai ɗara wani ba. Na ce ta rubuta a allo abin da kowa ya samu. Ta rubuta ɗaya bisa uku, ba kuskure.

Sai ta juyo ta ce, "Mushe, lissafinka ya ƙare?"

Na ce, "Ya ƙare."

Ta ɗauki nata, ta karya gaɓa ɗaya a gwiwa, ta miƙa wa kawunta da hannu biyu, ta koma wurin zamanta.

Abokina ya ce ya ji dariyar darakta har ajinsa. Ni ban ji ba, kuma ba zan rubuta abin da ban ji ba a matsayin tabbas. Abin da na tabbata shi ne, da anka tashi darakta ya ce mini, "Gobe ka zo da wuri," bai ƙara komai ba. Na yi shekara biyu a lakwal ɗin.

Tun daga nan igiya ba ta rabuwa da jakata, kuma ina tambayar yara dangantakarsu kafin in ba su abin rabo. Amma abin bai kwanta mini ba har yau. Layukanta na farko ba na wanda bai san daidai ba ne. Ta san inda daidai yake, ta matsa da gaɓa ɗaya da gangan. Da a takardar jarrabawa ta yi haka, sifiri zan ba ta, kuma doka tana bayana. Shin da na ba ta sifirin, rashin sanin lissafi na hukunta, ko tarbiyyar gidansu?