Damata Mai Waakye

Duk wanda ya tashi a unguwar Nima, zangon baƙi can ƙasar kurmi, a shekarun saba'in ya san tukunyar Damata. Wake da shinkafa take dafawa, ta jefa kanwa da karan dafi har su yi ja, ta ƙunsa maka a ganye; shi ne 'yan gari ke kira waakye. Ga ta da baki! Ka tsaya zaɓen nama, sai ta ce, "Kai, sa ka zo saye ko loma?"

A Nima aka haife ta, ubanta tsohon sojan Turawa ne daga arewa. Amma tun da gwamnati ta kori baƙi, ta ga maƙwabta sun cika manyan motoci, hankalinta bai ƙara kwanciya ba. Yayanta Kadiri, direban motar albasa, ya matsa mata. "Damata, ƙasar nan ba tamu ba ce. Haɗa kaya in kai ki garin Baba." Garin da ko a mafarki ba ta taɓa gani ba! Ta sha kuka, ta amince, ta sa tukunyar a kasuwa.

Mai saye ta zo, Anti Akwele, 'yar ƙabilar Ga masu garin, mai kifi a kasuwar Makola. Ta ƙwanƙwasa tukunyar, ta ce 'yarta za ta kama sana'ar, ai waakye abincin kakanninsu ne, sunan ma nasu ne.

Damata ta riƙe ƙugu. "Naku? Anti, ki ji tsoron Allah! Wakenmu ne kuka ja ya zama waakye. Daga bakinmu ya fito."

"Ƙarya!" in ji Akwele. "Da shi kakata ta yaye uwata."

Musu ya kaure da Hausa, da yaren Ga, da na Twi, jama'a suka taru. Wani tela mutumin Kumasi ma ya rantse nasu ne. Can sai Damata ta fashe da dariya har da hawaye. Daɗi ne ya kama ta. Kalmar da iyayenta suka sauko da ita ta zauna daram, masu gari na faɗa a kanta, ba mai cewa ta koma gida.

Ta janye tukunyarta. "Na fasa. Turo 'yar taki in koya mata, kada ta ɓata muku abincin kakanni."

Ranar Juma'a Kadiri ya iso da mota, ya tarar da layin masu saye har bakin titi. Damata ta miƙa masa ƙunshi mai zafi.

"Yaya, ka ci a hanya. Ka gaida mutanen garin Baba, ka ce ina gida."