Tanki Mai Ɗaki Uku

Ban taɓa mantawa da ranar da na kwanta ƙarƙashin kamiyo, babbar motar kaya, ruwan shan mutum goma sha ɗaya yana zuba a ƙirjina ba. Ku da kuka shigo garaj ɗin nan daga baya kuna cewa na cika fitina a kan famfo, to ga mafarinta.

A sanyin 1991 ne. Ina mai walda na biyu a wani kamfanin yawo da turis, 'yan yawon buɗe ido, a nan Tamanrasset, shekarata uku da barin Damagaram. Tsarinmu, motoci biyu su ɗauki baƙi, kamiyo ya bi su da abinci da tankin ruwa. Shef, wato shugaban garaj, ya ba ni kwana huɗu in ƙera sabon tanki, don wasu Jamusawa za su yi sati a hamada bayan garin Idlès.

Cikinsu akwai wani tsoho da muke kira Baba Jamus. Maimakon ya bi 'yan uwansa kasuwa, sai ya zo ya tsaya a kaina. Ya leƙa cikin tankin, ya girgiza kai, ya yi wa Ghali magana da Faransanci. Ghali shi ne jagoranmu, Ba'abzinen Agadas, Hausa a bakinsa kamar a Zinder aka haife shi.

"Wai ka yi wa tankin ɗakuna," in ji Ghali.

Na ce, "Tambaye shi ko har da makewayi yake so."

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ɗauki alli ya zana jirgin ruwa a ƙasa, ya tsattsaga shi da layuka. Ghali ya fassara mini cewa yana saurayi ya yi aiki a wani babban jirgin yaƙin ƙasarsu. An raba cikinsa gida ashirin da biyu, kowanne da ƙofar ƙarfe, don in bam ya huda wuri ɗaya ruwa ya tsaya a nan. A 1941 Ingilishi suka same shi a abin da ke juya shi ta baya, ya kasa miƙewa, suka taru a kansa. Cikin mutum sama da dubu biyu, ɗari da 'yan kai suka tsira.

Na sa bango biyu a tankin, ya zama ɗaki uku. Shef ya yi ta faɗa wai na ci masa yini guda a kan tatsuniyar tsoho. Sai dai na yi wayo irin namu. Don kada cikawa ta ba ni wuya, na haɗa ɗakunan da bututu ta ƙasa, na sa famfo biyu a tsakani. A buɗe a cika, a rufe a tafi. Ranar tashi ana ta azalzalata, na cika, na rufe murfin sama, na haye mota.

Kwana na uku da hantsi, mun yi nisa da Idlès, rijiya mafi kusa tafiyar yini biyu ce, kamiyon ya zame a gangaren wani kwari. Dutse ya tsaga gindin ɗakin baya. Motar ta tsaya a karkace, ƙafa ɗaya a sama, ruwa na tsiyaya cikin yashi.

Na ce wa Ghali, "Kwantar da hankalinka, ɗaki ɗaya ne."

Baba Jamus ya sauko da sandarsa. Ya ƙwanƙwasa ɗakin gaba, ya kara kunne, ya sake ƙwanƙwasawa ƙasa kaɗan. Ya juyo ya dube ni. Wallahi a kallon nan na tuna. Famfunan a buɗe suke, ruwan ɗaki ukun ne ke fita ta huda ɗaya.

Direba ya ce kada in shiga, motar na iya kifewa. Tsohon ya kama wuyan rigata, ya faɗi kalmar Hausa ɗaya da ya koya a garaj: "Rufe."

Na ja ciki na shiga. Ƙarfe na kuka a kaina, tsakuwa na zubowa. Famfo na farko ya juyu. Na biyu ya lanƙwashe, hannuna na santsi, tsoro ya cika ni. Ghali ya turo mini sifana, na danna da ƙarfin da ban san ina da shi ba, ya rufu. Da muka auna, ɗakin gaba ya wuce rabi, na tsakiya saura kaɗan. Da shi muka lallaɓa har Idlès, kofi biyu kowa a yini.

Da na fito, tsohon na zaune a kan dutse yana ƙirga mu da yatsa. Ya gama ya sake. Ya yi magana a hankali. Ghali ya fassara mini, "A jirgin, aikinsa ke nan, rufe ƙofofin. Ranar ƙarshe ya rufe wata, abokinsa na ciki yana bugawa. Ya ce kai ka yi sa'a, babu kowa a bayan taka."

Shef bai kore ni ba, ni ma ban ɓoye masa laifina ba.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu mai kyan walda bai gama ba sai ya duba abin da ya bari a buɗe. Shi ya sa har yau, da furfurata, babu kamiyon da ke fita ƙofar nan sai na kwanta ƙarƙashinsa na taɓa famfon da hannuna.