Kunamar Bindigar Baba Sani

A gidanmu na Jiga Maƙera, idan sanyi ya shigo aka gama cin tuwo, ba a kiran kowa. Kaka Ige za ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura karan dawa biyu ko uku cikin wuta, mu kuwa mu taru kamar kaji sun ga tsaba. Tana da wani baƙin zane da take lulluɓa har ka, ba ka ganin komai sai hancinta da yatsan da take nuna mu da shi. Kullum ni take fara nunawa. "Ku dubi wanga mijin nawa. Ya cinye tuwona bai kawo ko itace guda ba, ga shi ya zaka cin tatsuniya."

Sunana Nomau. Aji uku na yi a firamare, malam ya gaji, ni ma na gaji, muka rabu lafiya. Saboda haka in kun ga rubutun ya karkace, ku yi haƙuri, maganar dai ba ta karkace ba. Daga cikin hirarrakin nan na bakin murhu, guda ɗaya ce har yau in na tuna ta sai na ji gumi a tafin hannuna.

Ƙanen babanmu, Baba Sani, yana da bindigar iska, irin wadda ake karyawa a tsakiya. Ka kama bakinta ka danno ƙasa har sifirin ɗin ciki ya matse, wani ɗan haƙorin ƙarfe ya riƙe shi, ka sa ƙwayar dalma, ka mayar ka rufe. Daga nan ba abin da ke tsare da dalmar sai ɗan haƙorin nan, kunama kuwa ita ke sakinsa. Da ita Baba Sani ke harbo mana kurciya da hasbiya, wani lokaci har gafiyar da ke ɓarna a gonar albasa. Bindiga ce mai nauyi, mai kai dalma nesa, amma kunamarta taurin tsiya. Sau uku ya ba ni na gwada yana tsaye. Kafin in gama jan kunamar, bakin bindigar ya tafi gaida itaciyar da ke gefe.

To, akwai wani abokinsa, Mamman Direba na Aliero, wanda ya zo da tasa daga Ikko. Ba ta kai ta Baba Sani nauyi ko nisa ba, sai dai kunamarta. Ka ja a hankali ta biyo ka, ta tsaya, ka ɗan ƙara kamar kana taɓa idon jariri, ta tashi. Ran da Mamman ya ba ni a fadama, harbin farko kurciya ta faɗo. Ina da shekara goma sha biyu. Daga ranar na yanke hukunci cewa ba hannuna ke da laifi ba, kunamar Baba Sani ce.

A garinmu yaro yakan san magagari tun yana rarrafe a maƙera. Ranar kasuwar Jega, Baba Sani ya hau kekensa ya tafi, ni kuwa na sauko da bindigar daga ƙusar da take rataye, na kwance ta da bakin wuƙa, na sami ɗan haƙorin nan na goge shi da magagari. Na duba, na ce bari in ƙara kaɗan. Kaɗan ɗin nan ne ya kashe ni. Da na harhaɗa na karya na sa dalma, ban ko kai yatsa ba, gindinta ya ɗan bugi gwiwata, sai tas! Dalma ta shige jikin rumbu. Wani mai hankali da nan ya tsaya. Ni sai na ce ƙila tsautsayi ne, na sake karyawa, na sake sa dalma, na rufe a hankali. A daidai lokacin na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida.

In na harba, zai ji. In na tsaya cire dalma, zai same ni da ita. Sai na lallaɓa na rataye ta a ƙusarta kamar mai ajiye ƙwai, na fita ta baya. Irin wannan bindigar, in an rufe ta, ba mai gane a ɗane take da ido. Baba Sani kuwa bai taɓa ajiye ta da dalma ba, kuma ba ya karya ta sai zai yi harbi. Ya riga ya rantse cewa duk yaron da ya taɓa ta alhali shi ba ya nan, bayan dorina, ba zai ƙara riƙe ta ba har abada. Na ce a raina gobe da sassafe zan ɗauke ta in harbar da dalmar a daji.

Ban tuna ba cewa duk ranar da ya dawo daga kasuwa sai ya shafe ta da mai.

Muna zaune bakin wuta sai ga shi da bindigar da tsumma. Ya zauna a kan turmin da aka kifa, ya ɗora ta a cinya. Bakinta ya tsaya daidai kunnen ƙanwata Kulu, 'yar shekara shida. Na kama hannun Kulu na jawo ta kusa da ni. Ta mintsine ni ta ce, "Kaka, kin ga Nomau ko?"

"Ƙyale shi, ɗiyata. Yau ƙauna ta taso mai, gobe ya sace miki ƙuli."

Baba Sani yana shafa yana cewa ya haɗu da Mamman a kasuwa, yana ta cika baki da kunamar bindigarsa. "Nic ce mai, taka ta yi laushi awa tuwon jiya. Ni tawa sai ta ji da gaske nike."

Kaka ta yi dariya ta ce, "To ku gyara zama, wagga magana ta tuna min wata. Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri."

Muka ce, "Ta zauna mu ji ta." Ni dai bakina ne ya motsa.

Ta ce wai wani maƙeri ne ya ƙera bindiga biyu ya kira wa da ƙane, dukansu maharba, ya ce su zaɓa. Ta farko in ka ɗora yatsa sai ta yi magana: "Ka duba? Ka sake dubawa? Na daji ne ko na gida?" Sai ka amsa duka ukun sannan ta tashi. Ta biyu kuwa ba ta tambaya, ko yatsa ba ta jira. Abin da zuciyarka ta nufa, kafin ka ƙifta ido ya faɗi. Ƙane ya yi wuf ya ɗauki ta biyu. Kullum ya dawo da nama har ana shanyawa a kan danga, wan kuwa kafin ya gama amsa tambaya barewa ta kai garin Mungadi. Yara suka riƙa bin sa suna, "Ka duba? Ka sake dubawa?"

Duk aka yi dariya. Baba Sani ya juya bindigar don ya shafi ɗaya gefen. Bakinta ya bi ta kan wuta ya tsaya a ƙirjin Kaka. Tsummansa na yawo kusa da kunama, ya matso, ya koma, ya matso. Na buɗe baki, sai na tuna dorina, na rufe. Wallahi kunyar faɗin wannan nake ji, amma haka aka yi.

Sannan na tuna abin da ya fi wannan. Baba Sani yana da ciwon gwiwa. In an gama tatsuniya zai miƙe, yakan tsayar da bindigar, ya buga gindinta a ƙasa, ya dafe bakinta da hannun hagu, ya sunkuyo da fuska a kai, sannan ya yunƙura. Kullum haka yake yi. Ashe ƙarshen tatsuniyar nan shi ne ƙarshen idonsa, ko abin da ya fi ido.

Sai na ga dabara ɗaya ce ta rage mini, ita ma ta wawaye: kada tatsuniyar ta ƙare.

Kaka ta ce wata rana ƙanen yana dawowa da yunwa, karensa da yake so kamar ransa ya shiga tsakanin ƙafafunsa ya kayar da shi. A zuciya kawai ya ce, ɗan banzan kare. Bindiga ta tashi.

Na ce, "Kaka, karen wane launi ne?"

"Ja."

"Yana da suna?"

"Kai, ni ban je sunansa ba."

Ta ci gaba. Mutumin ya zauna ya yi kukan karensa, ya shiga gida, ya tarar uwarsa ba ta gama tuwo ba. Ya ji ɓacin rai na tasowa, ya ji bindigar ta fara juyawa da kanta a kafaɗarsa, tana neman inda uwar take tsugune.

"Kaka, tuwon dawa ne ko na gero?"

Kulu ta ce, "Wayyo, Nomau, ka bari mu ji!"

Kaka ta ɗage zanenta ta dube ni sosai. "Mi as same ka yau, maigidana? Kai da kullum kake cewa in yi sauri? Ga sanyi, ga ka da zufa awa wanda ya yi huɗa." Na ce ba komai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta koma kan tatsuniya.

Wai mutumin sai ya runtse ido ya fita da gudu, yana ta ƙoƙarin kada ya tuna kowa. Bai ƙara iya zama cikin mutane ba, don ba wanda zai kwana ya tashi bai ji haushin wani ba. Ya koma daji shi kaɗai, ga nama har yana ruɓa, ba mai taya shi ci. Daga ƙarshe ya jefa bindigar a gulbi. Wai har yau in ka ga kifi ya taso ciki sama a wurin, to wani masunci ne ya yi fushi da matarsa.

Na ce, "To wan fa? Me ya same shi? Maƙerin fa?"

"Wan ya tsufa cikin jikokinai. Maƙeri ya mutu. Tatsuniya ta naɗe tabarmarta, ku ma ku naɗe taku."

Baba Sani ya ninke tsumma. Ya ɗaga bindigar ya tsayar da ita. Na ga hannunsa na hagu ya rufe bakinta, na ga ya sunkuyo, hasken wuta a gemunsa.

"Baba, da dalma ciki!"

Ban san wanne ya riga ba, ihuna ko bugun gindinta a ƙasa. Na dai ga ya fizge kansa baya, na ji tas, hularsa ta yi tsalle ta faɗi bayan turmi. Fuskar ta kauce. Hannun bai kauce ba. Dalmar ta huda naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni, ta fita.

Kulu ta fasa kuka. Baba Sani ya koma ya zauna yana kallon jinin na bin gwiwar hannunsa. Kaka ta yage bakin zanenta tana ɗaure masa tana salati. Ya ɗago ya dube ni.

"Wa ak karya ta?"

"Ni ne. Na goge kunamar."

"Tun yaushe take haka?"

"Tun la'asar."

Dukan da babanmu ya yi mini a ranar, ba zan ɓata muku lokaci da shi ba, na ci abina kuma na cancanta. Baba Sani bai taɓa ni ba. Bayan kwana uku ina riƙe masa buta, ya ce, "Gugar kunama yarinta ce, Nomau, ni ma na yi ɓarnar da ta hi wannan. Amma kana zaune kana kallona, kana tambayar launin kare." Hannun ya warke, sai dai babban yatsan bai ƙara rufuwa sosai ba har ya bar duniya.

Abin dariya, yau ni ne mai gyaran bindigar iska a wata 'yar rumfa a Jega. Samari na kawo mini sababbi, masu madubi a sama, wasu har da ɗan noti na sassauta kunama. Nakan gaya musu gaskiya: mai laushi ta fi daɗin saiti in kana zaune ka jingina, amma mai shiga ƙaya da kunyar gona da sanyin safiya, yatsa a sandare, gara kunamar da za ta ɗan yi masa gardama. Magagari kuwa ba na kai shi kusa da haƙorin nan ko wa ya roƙa.

Shekaru da yawa na ɗauka Kaka ta sani. Na ce lallai ta hango ni ta bayan rumbu, ta shirya tatsuniyar nan don ta ba ni hanyar yin magana da kaina. Tunanin yana yi mini daɗi, don in ta sani, to ba ni kaɗai na yi shiru ba. Sai bayan na yi aure, ta tsufa har ba ta gani sosai, na kai mata fura na tambaye ta.

Ta ajiye ludayi. "Kai, Nomau, ashe har yanzu ba ka da wayo. Ɗana na dafe da bakin bindiga, in sani, in zauna ina ba ka tatsuniya? Da na sani, ihun da zan yi sai an ji shi Aliero."

Na yi 'yar dariya don in rufe kunya. Ita ba ta yi ba. Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce, "Mu takwas muna bakin wutar nan. Kai kaɗai ka sani."